Salamat da selamat: kalma ɗaya, gida uku

Lokacin da nake karatu a Malesiya na raka wani abokina asibiti, zazzaɓi ya kayar da shi, to akwai wata ma'aikaciyar jinya da takardun hannunta suka zube a ƙasa na durƙusa na tattara mata, sai ta ce min "salamat". Na ɗan tsaya, don a lokacin na fi shekara a ƙasar kuma na san idan Bamalaye zai yi godiya "terima kasih" yake cewa, ita kuwa selamat a wajen gaisuwa nake jin ta, selamat pagi da safe, selamat datang idan ana yi maka maraba, selamat jalan idan za ka kama hanya. Da na tambaye ta sai ta ce ai ita 'yar Filifin ce, a yarensu na Tagalog salamat na gode ke nan, bakinta ne ya riga ta. Ni kuma Bahaushe ina tsaye kunnena yana jiyo min salama da sallama. Tun daga ranar abin ya shiga raina, ya aka yi kalmar Larabci ta je har Manila, babban birnin Filifin, garin da mafi yawan mutanensa Kiristoci ne 'yan Katolika, ta zama kalmar da suke furtawa kullum?

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne da zarar sun ga jerin kalmomi masu kama sai su yanke hukunci, wasu su ce ai yare ɗaya ne, wasu su ce Tagalog daga Malayanci ya fito. Duk biyun ba haka ba ne. Indonesiyanci da Malayancin Malesiya kam tushensu ɗaya, ɗan Jakarta da ɗan Kuala Lumpur za su yi hira su fahimci juna ko da da ɗan tuntuɓe, amma ka ajiye ɗan Manila a tsakaninsu zai dinga tsintar kalma ɗaya ɗaya ne kawai ba zai gane zancen ba, don ginin jimlar ma daban ne, Tagalog yawanci da aikatau yake fara jimla, Malayanci kuwa da mai aikin yake farawa kamar dai yadda muke yi a Hausa. Kamar da ake gani ba ta hanya ɗaya ta zo ba, akwai ta jini, akwai ta kasuwa, akwai kuma wadda wani baƙo ne na uku ya raba musu kowa ya ɗauki nasa. Kuma abin da ya fi burge ni, ita kalmar da kanta tana ɗauke da shaidar hanyar da ta biyo, in ka san inda za ka duba.

Mu fara da ta jini. Duka ukun 'yan dangin harsunan Ostiranesiya ne, dangi ne mai harsuna kusan 1,200 da ya bazu daga Madagaska a gefen Afirka har tsibirin Rapa Nui can kusa da Kudancin Amurka, da Hawai da Niyuzilan duk a ciki. Mafi yawan masana sun tafi a kan daga Taiwan aka taso, shekaru wajen 4,000 da suka wuce mutane suka tsallaka cikin jiragen ruwa zuwa arewacin Filifin, daga nan aka gangara kudu zuwa Borniyo da Sulawesi da Jawa da Sumatra. Ka ga ke nan in ma maganar wa ya girmi wa za a yi, ta Filifin aka fara bi kafin a isa ƙasar Malayawa. Kalmomin da suka gada tare su ne irin waɗanda ba a zuwa kasuwa sayowa: anak ɗa ne a duka ukun, mata ido, langit sama, lima biyar, sakit ciwo. Wasu sun ɗan goge, dutse batu ne a Malayanci bato a Tagalog, wata bulan da buwan, wuta api da apoy, ƙwarƙwata kutu da kuto, huɗu empat da apat, shida enam da anim, fari putih da puti, baƙi hitam da itim. Kai har a Madagaska biyar dimy ce ido kuma maso, jinin bai ɓoyu ba.

Yanzu ga inda daɗin yake. A ƙarni na 19 wani masani mai suna Van der Tuuk, wanda ya yi wa Holan aiki a Sumatra da Bali, ya lura cewa akwai wani sauti a tsohon harshen kakanni da kowane ɗa ya furta shi yadda bakinsa ya ga dama amma ba da ka ba, a tsare, a Malayanci ya zama r, a Tagalog ya zama g. Ka duba: jijiya urat ce a Malayanci ugat a Tagalog, sabo baru da bago, nauyi berat da bigat, filafilan jirgin ruwa layar da layag, ƙwai telur da itlog, barci tidur da tulog, ji da kunne dengar da dinig. Bibir leɓe ne a Malayanci, bibig baki ne gaba ɗaya a Tagalog. Shinkafa ma haka, su ba kalma ɗaya gare ta ba, shanshera padi ce a can palay a nan, wadda aka sussuka aka gyara beras da bigas, sai dafaffiya ce suka raba hanya, nasi da kanin. Wanda bai san dokar ba ba zai taɓa haɗa telur da itlog ba, alhali su ne 'yan uwa na gaskiya, fiye ma da kalmomin da suka yi kama tamkar an tsaga kara.

To sai kuma ka tarar da wani rukunin kalmomi a Tagalog inda r ɗin Malayanci bai koma g ba, l ya koma. Labari berita ne a Malayanci balita a Tagalog, farashi harga da halaga, madubi cermin da salamin, barasa arak da alak. Me ya faru? Waɗannan ba gado ba ne, aro ne, sun shigo Tagalog bayan wancan tsohon sauyin ya riga ya gama aikinsa, mutanen gaɓar Manila suka ji r a bakin fatake suka mayar da shi l don shi ne ya fi kusa da harshensu. Ba wai dokar ba ta da togaciya ba, akwai kalmomin da masana har yau suke ja-in-ja a kansu, amma a matsayin ma'auni tana aiki sosai, g alamar jini, l alamar kasuwa. Mu ma muna da irin wannan a Hausa ai, littafi da lokaci da labari sun haɗiye al ɗin Larabci sun narke har ba ka gane su, wanda ke nuna sun daɗe da shigowa ta bakin mutane, saɓanin kalmomin da malamai suka ɗauko daga littafi daga baya da suke nan kusan yadda suke a Larabci.

Misalin da na fi so shi ne hanta. A Malayanci hati hanta ce, kuma ita ce mazaunin so da ƙi da baƙin ciki, abin da mu muke jingina wa zuciya. Tagalog ya gaji kalmar a matsayin atay, hanta kawai ta mahauta. Amma kuma sai ga dalamhati, wato tsananin baƙin ciki irin na rashi, da luwalhati, ɗaukaka irin wadda suke ambata a addu'ar coci, waɗannan Malayanci ne tsagwaronsa, dalam hati cikin zuciya, luar hati wajen zuciya. Kalma ɗaya ta shiga gida sau biyu, sau ɗaya ta haihuwa sau ɗaya ta ƙofar baƙi. Haka tanghali, tsakar rana, daga tengah hari take, ga r ɗin nan ya koma l. Mutum ba ya aron kalmar baƙin ciki da ta tsakar rana daga wanda yake gani sau ɗaya a shekara a bakin jirgi, wannan zama ne na gaske, auratayya da fada da cuɗanya ta tsawon ƙarnoni.

Kuma akwai shaida a rubuce. Wajen 1989 wani mai haƙar yashi a bakin kogin Lumbang a lardin Laguna kusa da Manila ya tono wani falle na tagulla a nannaɗe, aka kai shi gidan tarihi na ƙasa, wani masani ɗan Holan mazaunin Filifin, Antoon Postma, ya karanta shi. Kwanan watan da ke jiki ya yi daidai da 21 ga Afrilu shekara ta 900, rubutun na Kawi ne irin na Jawa, harshen kuma tsohon Malayanci ne cakuɗe da Sanskirit na Indiya. Me ke ciki? Takardar yafe bashi ce, an yafe wa wani Namwaran da zuri'arsa bashin zinare mai nauyin kati 1 da suwarna 8 a ma'aunin zamanin, an ambaci Tundun wadda ake ɗauka ita ce Tondo ta cikin Manila a yau, kuma kalmar bashin da ke jiki hutang ce, wadda har gobe utang ake cewa a Jakarta da Manila. Shekara fiye da 600 ke nan kafin Bature ya taka ƙasar. Shi kansa Magellan, Baturen da ya jagoranci jiragen Sifaniya, da ya iso a 1521 ta bakin bawansa Enrique, wanda ya samo a Malaka ta Malesiyar yau, ya yi magana da sarakunan tsibiran, da Malayanci, don shi ne harshen fatauci na wannan tekun gaba ɗaya tun zamanin daular Sriwijaya ta Palembang da ta bar rubutu a dutse tun wajen 683. In ana so a kwatanta, matsayinsa ya yi kama da na Hausa a kan hanyar Gwanja, Bagwanje da Bayarabe da Bazabarme su haɗu a zango su yi ciniki da ita.

Ta wannan bututun ne Sanskirit ya kwarara. Fuska muka ce a Malayanci mukha a Tagalog, malami guru da guro, al'umma ko ƙasa bangsa da bansa, ganuwa ko birni kota da kuta, karatu baca da basa. Sai dai ma'ana ba ta zama wuri ɗaya, cerita labari ne ko tatsuniya a Malayanci amma salita a Tagalog kalma ce ko magana, dosa zunubi ne a wajen Bamalaye, dusa kuwa wahala ce a wajen ɗan Tagalog, kamar ɗaya ya riƙe laifin ɗayan ya riƙe sakamakon. Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne da Musulunci ya zo bai share waɗannan kalmomin ba, har yau Musulmin Indonesiya azumi puasa yake cewa, aljanna surga, wuta neraka, addini agama, duk Sanskirit ne na zamanin Hindu da Buda. Sembah kuma, wato rusunawa ta bauta, ta ba su sembahyang da tsofaffi ke kiran sallah da ita, a Tagalog jijiyar nan ce ta haifi simbahan, coci. Masallata da masu zuwa coci suna amfani da saiwa ɗaya ba tare da yawancinsu sun sani ba.

Akwai wata da ta shiga siyasa dumu-dumu. A Sanskirit maharddhika mai wadata ne mai iko. A Malayanci ta zama merdeka, 'yanci, tun asali na wanda ba bawa ba, har Holan suka riƙa kiran 'yantattun bayi na Batabiya, wato Jakarta ta yau, da Mardijker, daga baya ta zama kalmar neman mulkin kai, ita Indonesiya ta rera a 1945, ita Tunku Abdul Rahman, firaministan ƙasar na farko, ya ɗaga hannu ya maimaita sau 7 a Kuala Lumpur ranar 31 ga Agusta 1957. A Tagalog kuwa ta zama maharlika, kuma a bayanin da wani limamin Sifaniya Juan de Plasencia ya rubuta a 1589 maharlika 'ya'ya ne masu 'yanci da ke bin datu, wato shugabansu, zuwa yaƙi, ba su ne sarakuna ba. Amma a ƙarni na 20, musamman zamanin shugaban ƙasa Ferdinand Marcos da ya ƙaunaci kalmar, aka riƙa fahimtar ta da ma'anar jinin sarauta, har a 2023 gwamnatin ɗansa ta sa wa asusun zuba jari na ƙasa sunan. Ni a ganina ma'anar Malayanci ce ta fi kusa da yadda Tagalog na da suka san ta, ta yau ɗin ado ne aka yi mata daga baya.

Sai Larabci, inda kunnen Bahaushe yake samun hutu. Duk wanda ya zauna kusa da alhazan Indonesiya a Makka ya san haka, waktu lokaci, kabar labari, dunia duniya, asal asali, akal hankali, hukum hukunci, ranakun mako kuma a Malesiya Ahad, Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, ba sai an fassara maka ba. Sun ma yi nasu ajamin da suke kira Jawi. Kaɗan daga cikin waɗannan sun haura har Manila, don kafin Legazpi ya kafa mulkin Sifaniya a can a 1571 masu mulkin garin irin su Raja Sulayman Musulmi ne masu dangantaka da gidan sarautar Burunai. Hukom a Tagalog ba hukuncin ba ne, alƙalin ne da kansa. Akala ba hankali ba ne, zato ne, abin da ka ɗauka haka yake. Agimat laya ce, daga azimat. Ita kuma salamat ɗin da na faro da ita, a Malayanci ta tsaya a kan asalinta na kuɓuta da aminci, a Tagalog addu'ar da kake yi wa wanda ya kyauta maka ta zama godiyar kanta, kamar dai yadda muke cewa madalla ko Allah ya saka mu nufi na gode. Sifaniyawa sun yi shekara 300 da ɗoriya suna mulki, sun canza ranakun mako zuwa Lunes, Martes, Miyerkoles, sun canza sunayen mutane, amma ba su iya cire wannan ba, kuma wallahi duk sanda na tuna haka sai na ji wani abu a raina.

Turawa su ne suka ƙara nisan. Fotugal ta kama Malaka a 1511, Holan ta ƙwace a 1641, sai yarjejeniyar Landan ta 1824 ta ja layi, Ingila ta ɗauki yankin da ya zama Malesiya da Singafo, Holan ta riƙe tsibiran da suka zama Indonesiya. Wani lokacin kamar da ake gani daga nan ta fito, ba jini ba ba kasuwa ba, tebur meja ne a Malayanci daga Fotugal mesa a Tagalog daga Sifaniya, takalmi sepatu da sapatos, cuku keju da keso, harsunan Fotugal da Sifaniya ne 'yan uwan juna shi ya sa. Sabun da sabon kuwa har da sabulunmu a cikin dangin. 'Yan kasuwar Sin masu yaren Hokkien su ma sun raba nasu musamman a kicin, bihun da bihon, tauge da toge, lumpia a Indonesiya da Filifin duka, mi ɗin da ke cikin sunan Indomie da yaranmu ke ci kullum daga can take, Indonesiya da mi aka haɗa.

Tsakanin Indonesiya da Malesiya kuwa labarin na kwanan nan ne. Ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa 'yan kishin ƙasa suka yi rantsuwar da ake kira Sumpah Pemuda suka ɗauki Malayanci suka sa masa suna Bahasa Indonesia, duk da Jawawa sun fi kowa yawa, don ba a so harshen ƙabila mafi rinjaye ya danne sauran ɗaruruwan, shawarar da nake ganin tana cikin mafi hikima da wata ƙasa mai tasowa ta taɓa yankewa. Filifin ta bi wata hanyar, a 1937 ta zaɓi Tagalog na babban birni ya zama tushen harshen ƙasa, kuma har yau masu Sebuwano, wani babban yaren ƙasar, suna da ƙorafi a kai. A 1972 Indonesiya da Malesiya suka daidaita rubutu, amma kalmomi sun riga sun yi nisa, ofis kantor ne a Jakarta daga Holanci, pejabat a Kuala Lumpur, alhali pejabat a Jakarta jami'in ne ba ofishin ba. Kereta mota ce a Malesiya jirgin ƙasa a Indonesiya. Percuma kyauta ce a Malesiya, a Indonesiya aikin banza. Mafi hatsari budak, a Malesiya yaro ne kawai kowa na faɗa, a Indonesiya bawa, na ga wani ɗalibi ɗan Sumatra ya ɓata rai sosai ranar farko da mai shago ya kira shi da ita kafin a yi masa bayani.

Irin wannan zamewar ma'anar tana nan tsakaninsu da Tagalog ma. Bunga fure ne a Malayanci, a Tagalog ɗan itace ne ko sakamakon abu. Sayang ƙauna ce da tausayi a can, a Manila kaico ne, an yi asara. Mahal tsada ce a duka, amma Tagalog ya ƙara mata so, mahal kita ina son ki, shi kuwa Bamalaye kita a wajensa mu ne har da kai, don haka abin da kunnensa zai ji daban ne sam. Hari kuma rana ce a Malayanci sarki a Tagalog, kama ce kawai ta baki.

Amma wadda na daɗe ina juyawa ita ce ta kusurwoyi. Timur gabas ne a Malayanci, timog a Tagalog kudu ne, ga r da g ɗin nan, kalma ɗaya ce ta gado ba tantama, to ya aka yi gabas ɗin wani ya zama kudun wani? Amsar tana cikin iska. Kakannin nan matuƙa jirgi ne, ba da allurar kamfas suke lissafi ba, da iskokin shekara suke yi, akwai wadda ke kaɗowa daga wajen kudu maso gabas, akwai kishiyarta mai kawo ruwa daga wajen yamma. Sunan ta farkon ne ya zama timur da timog, kowa ya liƙa shi a kusurwar da ta fi dacewa da inda ya zauna. Ta biyun a Malayanci ta zama barat, yamma, har da ita suke kiran ƙasashen Turawa. A Tagalog ba ta zama kusurwa ba ko kaɗan, tana nan a matsayin iska, habagat, wadda ke tasowa daga kudu maso yamma tun wajen Yuni zuwa Satumba, kuma duk shekara in ta haɗu da guguwa ruwa ya cika titunan Manila za ka ji masu hasashen yanayi a talabijin suna ta ambaton sunanta ana rufe makarantu.